Shin da gaske a ƙarƙashin ruwan wuta aka zana sojojin?

Tambaya: Malam, na ga zanen sojojin Amurka kwance a rami ana yi musu luguden atilare a Yaƙin Duniya. Mai zanen a wurin ya zauna ya yi, ko ƙirƙira ce?

Amsa: Yawancinsu sun je fagen daga, amma ba a nan ake kammala zanen ba. Idan igwa ta fara aman wuta, mai zane ma kansa a ƙasa yake kamar kowa. Abin da yake samu shi ne 'yan layuka da fensir a ƙaramin littafi: yadda soja ya dunƙule, inda hular ƙarfe ta karkata, sai ya rubuta launin hayaƙi a gefe. Sauran aikin sai an koma baya.

A 1918 rundunar Amurka ta tura masu zane takwas Faransa da muƙamin kyaftin. Ɗaya daga cikinsu, Harvey Dunn, yana da akwatin zane mai naɗaɗɗiyar takarda a ciki. Ya gama wannan, ya murɗa, sabuwa ta fito. Tom Lea kuwa, wanda mujallar Life ta tura, ya sauka tsibirin Peleliu da ke tekun Pasifik tare da dakaru ranar 15 ga Satumba 1944, amma a gida Texas ya yi manyan zanensa na fenti.

Kayan aikin ma na da nasu matsalar. Gawayi na ba da duhun hayaƙi da sauri, sai dai yana gogewa a cikin jaka in ba a fesa masa maganin riƙewa ba. Fentin ruwa na daskarewa da sanyi, na mai kuma yana kwanaki bai bushe ba. Shi ya sa fensir ya fi yawa.

In kana son gane wanda ya gani da idonsa, duba jikin sojojin. Mai ƙirƙira yakan tsayar da su ƙirji a buɗe. Wanda ya je yakan zana su manne da ƙasa, wuya a noƙe, hannu a kan ƙeya, kowa nesa da ɗan'uwansa don kada harsashi ɗaya ya kwashe su duka.

Amma kada ka yi saurin ƙaryata zanen soja tsaye rungume da bishiya. A dajin Hürtgen na Jamus a 1944, harsasai a saman itatuwa suke fashewa, gutsattsarin ƙarfe da na itace su zubo daga sama. A nan wanda ya kwanta shi ya fi ba da jiki, don haka suke tsayawa manne da bishiya, suna kuma rufe ramukansu da gungume.