Ayisi da wutar da yake sha a wurin gwaji

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Gyaran waya nake yi a Kano. Na ji an ce ayisi (IC), wato ɗan guntun lantarkin nan da ke sarrafa aikin waya, ya fi shan wuta lokacin da ake gwada shi a masana'anta fiye da lokacin da yake aiki cikin waya. Yaya haka?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Wanda ya gaya maka bai yi ƙarya ba.

Cikin ayisin babbar waya akwai biliyoyin taransista, kowanne ɗan makunni ne, kuma yawancin wutar wajen kunnawa da kashewa take tafiya. Shi ya sa masu tsara shi suka fi matsa wa ƙarfin lantarki, don idan ka rage shi da rabi, wutar da ake sha wajen juyin nan takan koma kashi ɗaya cikin huɗu. A shekarun 1980 bolt 5 ake ba ayisi, yau cikinsa bolt 1 ne ko ƙasa da haka. Sannan duk ɓangaren da ba ya aiki sai a tsayar masa da bugun agogo, wato siginar da ke tafiyar da aikinsa mataki-mataki, ko a yanke masa wuta gaba ɗaya, kamar mai gida da ke kashe fitilar ɗakin da babu kowa.

To gwaji shi ke ɓata wannan tattali. Ba inda za ka dafa tsinken mita a cikin ayisi, don haka tun wurin zane ake jera ƙananan ma'ajiyansa kamar sarƙa. Sai a tura jerin 0 da 1 ta baki ɗaya, a karanta abin da ya fito ta ɗaya bakin. JTAG ɗin da kuke amfani da shi a shago, wato hanyar shiga cikin ayisi daga waje don gwaji, ɗan gidan nan ne, a 1990 aka tsayar da ƙa'idarsa.

Lokacin turawar, kusan kowane ɗaki a kunne yake, abin da ba ya faruwa ko da kana kallon bidiyo. Ayisi ya yi zafi, lantarkinsa ya sauka, ya ba da amsa ba daidai ba, a jefar da shi alhali lafiyarsa lau. Ni wannan asarar ta fi ba ni haushi.

Maganin da ake yi shi ne a gwada ɓangare-ɓangare, a rage saurin turawa, sannan guraben jerin 0 da 1 ɗin da gwajin bai damu da su ba a cike su da lamba iri ɗaya don juyi ya ragu. Sai dai kowace daƙiƙa a kan injin gwaji kuɗi ce, kullum ana ja-in-ja da masu lissafin kamfani a kanta.