Amsa: Me ya kai Wole Soyinka kurkuku?

Malam, ka tambaya ko wasan kwaikwayonsa ne ya jawo masa ɗauri. A'a, maganar yaƙin basasa ce. A 1967 ya je Enugu ya gana da Ojukwu, jagoran Biyafara, yana neman a tsagaita wuta. Gwamnatin Gowon ta tsare shi sama da shekara biyu ba tare da shari'a ba, akasari shi kaɗai a ɗaki a kurkukun Kaduna. Ni a ganina zalunci ne tsagwaronsa.

An hana shi takarda da alƙalami, sai ya riƙa rubutu a takardar bayan gida da tsakanin layukan littattafan da aka shigo masa da su a ɓoye. Daga nan littafinsa The Man Died ya fito a 1972. Kyautar Nobel kuwa sai 1986.