Akwai man fetur a ƙarƙashin Legas?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko Legas na da mai kamar Neja Delta. Akwai, amma a teku yake, ba a ƙarƙashin Agege ko Ikeja ba.

Legas na zaune ne kan kwarin Dahomey, wato wani kwari na ƙarƙashin ƙasa da shimfiɗun yashi da laka suka cike har suka zama duwatsu, wanda ya taso daga kudu maso gabashin Gana, ya ratsa Togo da Benin, ya tuƙe a tudun Okitipupa, wani tudun dutse na ƙarƙashin ƙasa da ya raba shi da Neja Delta. Wajen Abeokuta shimfiɗun duwatsun ba su da kauri. Sai an nausa teku suke ƙara zurfi, inda zafi ya isa ya dafa laka mai ragowar halittu har ta zama mai. Can filin mai na Aje yake, kimanin kilomita 24 daga gaɓa. An gano shi a 1996, aka fara haƙo ɗanyen mai a 2016, ko da yake gas ya fi yawa a cikinsa.

A tudu kuwa, man ya hauro kusa da doron ƙasa, ruwa da bakteriya suka cinye ɓangarensa mara nauyi. Abin da ya rage shi ne baƙin kwalta mai danƙo da ke tsattsafowa daga yashi a Agbabu, jihar Ondo. Famfo ba ya jawo shi. Sai an haƙe yashin ko an narkar da shi da tururi.