Jins mai koɗewa daga ƙugu zuwa ƙafa

Kai yaro, ka ce kana so ka rina tsohon wandon jins a gida, bakin ƙafa ya yi duhu, launin ya riƙa raguwa har ya koɗe a ƙugu. A waya ka gani, ko? Haka kuke yaran yanzu, ku kalli bidiyon minti ɗaya, gobe ku ce kun zama marina.

Wanki da haɗa rini ba zan ɓata bakina a kansu ba, wanda bai iya su ba ya nemi wata sana'a. Riƙe wannan dai: rini ƙara duhu yake yi, ba ya haskaka komai. Haske aikin bilic ne, kuma ko ambaton bilic aka yi sai raina ya ɓaci.

Wani ɗan gwanjo ne ya taɓa kawo min wanduna cikin buhu, yana son irin wannan aikin. Duk ya yanke 'yan takardun da ke cikinsu. Na tambaye shi, ya rantse min auduga ce zalla. Ashe yawancinsu masu roba ne, irin mai miƙewar nan. 'Yar kaɗan ce ake sawa, wani lokaci kashi 2 cikin 100, a wando mai kauri hannu ba ya saurin jin ta. Bilic kuwa cinye roba yake yi. Da suka bushe, gwiwa ta saki, ƙugu ya buɗe, farin ya koma rawaya-rawaya. Mutumin nan ya tara min jama'a yana kumfar baki, wai sababbi ya kawo na lalata. Aka ce in yi haƙuri in biya, na biya, ya kuma kwashe wandunan wai zai zubar. Ba a jima ba na gan su rataye a rumfarsa, matasa na rububinsu, wai sabon yayi. Ya ci kuɗina, ya ci aikina. Allah ya isa!

Tun daga nan ban ƙara yarda da rantsuwa ba. Zare nake cirowa daga cikin kalmasa in kyasta masa ashana. Auduga takan ci wuta ta bar toka mai laushi, roba kuwa narkewa take ta dunƙule.

In auduga ce, jiƙa wandon sharaf kafin ya shiga komai, busasshe layi zai yi maka kamar an ja da alli. Surka bilic da ruwa sosai, ka tsoma ƙugu, kana ɗagowa kaɗan-kaɗan. Ɗauraye shi da kyau. Kada ka kuskura ka zuba masa ruwan tsami na binega, iskar da za ta tashi guba ce.

Sai rinin. Zuba gishiri da soda yadda takardar rinin ta ce. Nutsa ƙafafun har cinya, ka fara janyewa sama nan da nan, bakin ƙafa ya fi kowa daɗewa a ciki. Hannunka kada ya tsaya cak. Shanya shi duhun na ƙasa, in ka juya ya tsiyaye maka kan hasken. Jiƙaƙƙe ya fi busasshe duhu, kada ka yi saurin cirewa. Zaren ɗinkin kuma sau da yawa ba ya shan rini, in na wani ne ka gaya wa mai kaya tun kafin ka karɓa.