Amsa ga ƙanwata da ta ce zaman bakin teku ya ishe ta

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ƙanwata da kika yi tambaya jiya, kin ce wata bakwai kenan da tarewarku a unguwar bakin teku amma har yau zuciyarki ta ƙi kwanciya da wurin, komai na ƙarfe ya yi tsatsa, shanya ba ta bushewa, ƙugin ruwa ya hana ki barci, kina tambaya wai mu da muka daɗe me muke gani ne da muke ta yabo. Na ga an ba ki amsa da yawa, galibi "ki yi haƙuri za ki saba". Gaskiya suka faɗa, amma ni a ganina amsar ta yi kaɗan, don mutum na iya sabawa da wuri shekara ashirin bai taɓa jin daɗinsa ba. Shekarata 19 a gidan da ko daga tsakar gida kina hango ruwa, bari in faɗa miki abin da na gani.

Maganar tsatsa kam ba ƙarya kika yi ba. A kowace lita ta ruwan teku akwai gishiri wajen giram 35, idan igiya ta fashe a gaɓa sai iska ta kwashi feshin nan da ido ba ya gani ta kai shi kan kwano da ƙofa da ƙarfen taga da fanka, shi kuma gishiri jan laima yake, shi ya sa ƙarfen ba ya taɓa bushewa sosai. Ni shekarar farko kwaɗon ƙofa uku na canza, har kuka na yi ranar da na buɗe keken ɗinkina na ga yadda ya koma. Abin da na koya shi ne ki riƙa goge ƙarfe da ruwan famfo ki tsane shi sannan ki ɗan shafa mai, kar ki jira fenti ya ɓare kafin a sake, durowa kuma ki janye ta daga jikin bango ko da faɗin tafin hannu ne saboda fumfuna. Wannan aiki ne da ba ya ƙarewa, ba zan ɓoye miki ba.

Toh amma abin da ya juya min zuciya daban ne. Akwai wani dattijo maƙwabcinmu masunci, Baba muke ce masa, Allah ya jiƙansa, kullum yana zaune a inuwa yana ɗinkin koma. Wata rana na wuce ina ta mita, na ce Baba ruwan nan ba shi da tsari, jiya da safe yana can nesa yau ga shi har gindin dutse. Ya ɗago ya ce "'yata, babu abin da ya kai ruwan nan tsari a unguwar nan." Ya nuna min wani baƙin dutse mai tsaga a tsakiya, ya ce in duba agogo lokacin da ruwa ya rufe tsagar, gobe ma in duba. Na duba. Washegari sai da ya ƙara kusan minti 50 kafin ya rufe ta, jibi ma haka, wallahi sai da tsigar jikina ta tashi. Ashe wata ne ke jan ruwan, rana ma tana taimakawa, a mafi yawan gaɓoɓin duniya sau biyu yake cika sau biyu yake janyewa a kwana guda, tsakanin cika da cika awa 12 da minti 25. Idan wata ya tsaya da kuma daren sha huɗu, lokacin da rana da wata da duniya suka yi layi ɗaya, cikar tana yin yawa janyewar ma tana yin nisa, har ki ga duwatsu da ramukan kaguwa da ba ki taɓa sanin suna wurin ba. Mako guda bayan nan kuma sai ya yi sanyi, ya ɗan hau ya ɗan sauka kawai. Kowace gaɓa da nata gwargwadon, a mashigin Fundy na ƙasar Kanada bambancin yana kaiwa mita 16, wasu wuraren kuma ko mita ɗaya ba ya kaiwa, sai ki gano na ƙofar gidanki da idonki.

Tun daga ranar ƙugin da ke hana ni barci ya zama labari nake ji. Yanzu ko cikin dare na farka, daga sautin kaɗai nakan san ko ruwa ya cika ko ya janye, idan ya cika dukan yana da nauyi kamar a bayan ɗaki, idan ya janye sai ki ji shi can ƙasa-ƙasa kamar ana shara.

Iska ma da lokacinta. Ƙasa ta fi ruwa saurin ɗaukar zafi, don haka da rana ta take sai iska mai sanyi ta taso daga teku ta shigo unguwa, tana ƙarfi wajen azahar zuwa la'asar, cikin dare kuma ƙasa ta riga ruwa hucewa sai iskar ta juya ta koma teku a hankali. Shanyarki da ba ta bushewa, gwada ki yi wanki da sassafe ta samu rana da iskar yamman, ki kwashe kafin magariba kar raɓa ta sake jiƙa ta. Tagogin da ke kallon ruwa ki buɗe su tare da na bayan gida iskar ta ratsa, ni sau da yawa ko fanka ba na kunnawa.

Sai mutane. Ban san ko kin taɓa fita bayan asuba ba lokacin da kwalekwale ke dawowa. Ki fita ko sau ɗaya. Za ki ga yadda wanda ba shi da ko sisi a cikin jirgin zai tattare wando ya shiga ruwa ya kama igiya a ja tare, babu wanda ya kira shi, yara suna bin sawun kaguwa a jiƙaƙƙen yashi, tsuntsaye na shawagi a kan masu wanke koma. A wurin nan na san rabin matan da yanzu su ne 'yan uwana, su suka zauna da ni lokacin da na yi rashi. Wanda yake zaune inda ruwa ke iya ɗauke mutum ba ya wasa da maƙwabci, idan jirgi ɗaya ya yi jinkirin dawowa unguwa gaba ɗaya ce ke tsaye a gaɓa.

Tunda na ambaci haka, don Allah in kina da yara ki kula da wannan. Wurin da kika ga ruwa ya yi lumus tsakanin igiyoyi masu fashewa, ya ɗan yi duhu ko yana jan kumfa da yashi zuwa ciki, shi ne mafi haɗari, hanya ce da ruwa ke komawa teku da ƙarfi. Wanda ya faɗa ciki kar ya yi kokawa da shi yana neman gaɓa kai tsaye, ya yi iyo ta gefe yana bin tsawon gaɓa har ya fita daga jan, in ya gaji ya kwanta a kan ruwa ya ɗaga hannu. Na koya wa 'ya'yana wannan tun suna ƙanana.

Abin da ke sosa min rai shi ne gaɓar tana cinyewa. Masana sun auna cewa tekun duniya ya ƙaru da kusan santimita 20 daga 1901 zuwa 2018, ga masu kwasar yashi suna ƙara ta'azzara abin. Bishiyar da Baba ke zama a inuwarta ruwa ya kwaƙule saiwarta ta faɗi shekarun baya. Ga leda da robobi da igiya ke dawo mana da su duk safiya, ni da wasu mata mukan ɗauki buhu idan ruwa ya janye mu tsince abin da ya samu.

Baƙin dutsen dai yana nan da tsagarsa. Ki samu naki, dutse ko turke ko matakala, ki rubuta lokacin da ruwa ya taɓa shi kwana uku a jere, in kuma daren sha huɗu ya zo ki ja maigidan ku fita bayan isha ku ga inda ya kai. Ina jiran ki dawo ki faɗa mana minti nawa kika samu.