Tambayi Anti: Na karye a kan babur ɗin maigidana, Umma ba ta sani ba

TAMBAYA

Assalamu alaikum Anti. Don Allah a sakaya sunana. Ni 'yar Zariya ce, aure ya kawo ni Legas, muna zaune a Agege. Maigidana haifaffen nan ne, yana sayar da kayan waya a Ikeja. Mutumin kirki ne, ban rasa ci ba, ban rasa sutura ba, amma Allah Ya yi shi ba ya iya zama wuri ɗaya. Kafin aurenmu ninƙaya ce a teku, daga nan ya koma hawan duwatsu, yanzu kuma babur. Ba irin na 'yan okada ba, dogon nan mai tayoyi masu haƙora da ake shiga daji da shi. Duk Lahadi bayan asuba sai ya bi abokansa su nufi Epe ko Badagry, ya dawo da yamma laka har wuya, yana murna kamar wanda aka yi wa albishir da kujerar Makka.

Ya daɗe yana lallaɓa ni in koya. Makonni uku da suka wuce na yarda, muka je bakin teku wajen Ibeju-Lekki. Ya ce ai rairayi ne, ko na faɗi ba abin da zai same ni. Ina sanye da abaya da hijabi da silifa, ya kifa mini hular kwanonsa da ta yi mini yawa. Zagayen farko lafiya lau. A na biyu kan babur ya fara rawa, na tsorata na damƙe birkin hannu, sai ji na na yi a ƙasa, babur a kaina, hula can gefe. Salansa ta ƙona mini ƙwauri, ƙashin wuyana na dama ya karye. Abokinsa ya kai mu wurin wani maɗori, aka ja aka ɗaure. Har yau ban je asibiti ba, kuma kwanan nan yatsun hannun suna yawan yi mini minjirya.

Umma na ce mata santsi ne ya kwashe ni a banɗaki. Yayata kaɗai ta san gaskiya, ta ce in ba shi zaɓi, ko ni ko babur. Shi kuwa har ya rame don damuwa, shi ne girki, shi ne wankan yara, amma jiya na kama shi yana kallon tseren Dakar, na babura da motoci a hamada, a waya, kuma bai fasa maganar zuwa Kano a kan babur ba. Abin da ban faɗa wa kowa ba shi ne, zagayen farkon nan ya yi mini daɗi. Anti, yaya zan yi?

Taki, daga Agege.

AMSA

Wa alaikumus salam ƙanwata. Sannu, Allah Ya ƙara sauƙi. Maganar aure za ta iya jira zuwa jibi, amma yatsun nan ba za su jira ba. Gobe da safe maigida ya rufe shago ya kai ki asibitin ƙashi na Igbobi, ko asibitin koyarwa na jihar Legas (LASUTH) a Ikeja tunda ya fi kusa da ku, a ɗauki hoton kafaɗar.

Na yi aikin jinya a ɗakin masu karaya har na yi ritaya, don haka bari in gaya miki abin da ke ƙarƙashin fatar nan. Ƙashin wuya siriri ne, ya taho daga ƙirji ya haɗe da kafaɗa, kuma yana cikin waɗanda suka fi saurin karyewa idan mutum ya faɗo ta kafaɗa. Yawancin karayarsa ba ta buƙatar tiyata. A rataye hannu a wuya, a sha maganin ciwo, cikin mako 6 zuwa 12 ya haɗe, ko da zai bar ɗan tudu a wurin. Sai dai jijiyoyin da ke kai ji da motsi zuwa hannu, da manyan hanyoyin jini, duk ta ƙarƙashinsa suka bi, saman huhu ma yana nan kusa. Minjiryar da kike ji tana iya zama ɗauri ne ya yi tsauri, tana iya zama kuma bakin ƙashi ne ya goce yana danne jijiya. Hoto da gwajin likita ne za su raba gardama. Idan kafin safiya yatsun suka yi sanyi, ko suka canza launi, ko numfashi ya fara yi miki wuya, kada ki jira gari ya waye.

Ba raina maɗora nake yi ba, akwai masu hannu a cikinsu. Amma maɗori yana aiki ne da abin da yatsunsa suka taɓa, ba ya ganin ciki, kuma na ga hannuwan da ɗauri mai tsauri ya tsayar wa jini har aka rasa su. Ki nuna musu ƙunar salansar ma. Idan an shafa mata man goge baki ko ƙwai, ki faɗa, kada ki ji kunya, ba ke kika fara ba.

Kuma ki faɗa wa likita gaskiyar yadda kika faɗi. Wanda santsi ya kayar a banɗaki kafaɗa kawai za a duba masa. Wadda babur ya yar, hula ta cire, dole a tambaye ta ciwon kai, jiri, amai, mantuwa, a kuma taɓa wuya da wuyan hannu. Ƙaryar da kika yi wa Umma kada ta bi ki ɗakin likita.

Yanzu ga abin da ya kayar da ke, don na san kina zargin kanki da tsoro. Rairayi busasshe yana cikin wuraren da suka fi wuyar tuƙi, ko ga ƙwararru. Tayar gaba ba ta da abin kamawa, sai ta riƙa nitsewa tana neman hanya da kanta, shi ne rawar da kika ji. Masu abin sukan miƙe tsaye a kan matakan ƙafa, su mayar da nauyinsu baya, su riƙe totur daidai ba tare da saki ba, su kafa ido can nesa. Duk abin da hankali ke ce wa sabon shiga ya yi, wato ya rage gudu, ya kalli ƙasa, ya kama birki, shi ne ke tura nauyi gaba ya binne tayar. Da kika damƙe birkin hannu, tayar gaba ta tsaya cak, sauran babur ɗin da ke kuka ci gaba da tafiya. Irin wannan babur, idan girman injinsa cc 250 ne, nauyinsa yakan kai kilo 140, tsayin kujerarsa kusan santimita 90, da wuya ƙafafunki biyu su taɓa ƙasa. Ba ki da laifi a nan.

Laifin na malaminki ne, kuma zan faɗa ba kwana-kwana. Shi da ya san abin, ya ɗora ki a kan babban babur, a wuri mafi wuya, da silifa, da hular da ba taki ba. Abayar da hijabin nan ma Allah ne Ya tsare, don da bakinsu ya shiga sarƙa ko taya, da ba ƙashin wuya muke magana ba yanzu. Ba mugunta ya yi ba, ɗoki ne. Wanda ya daɗe yana abu yakan manta yadda rashin iyawa yake, shi ya sa miji ba kasafai yake zama malamin tuƙi nagari ga matarsa ba. Ko mota ce, yawanci da faɗa ake tashi.

To amma ban goyi bayan yayarki ba. A ce masa ko ke ko babur, abu biyu ne zai faru. Ko ya sayar ya zauna a gida yana kallonki da ido ɗaya duk Lahadi, ko ya kai babur ɗin gidan aboki ya riƙa ce miki zai je duba kaya a Apapa. Na biyun ya fi yawa, kuma shi ya fi muni, don ranar da ya faɗi a dajin Epe ba za ki san ta inda za a fara nemansa ba. Mai hali ba ya fasa halinsa. Kin aure shi yana ninƙaya a teku, ba a ɓoye miki ba. Da an raba shi da babur, wani abin zai nemo, wataƙila wanda ya fi wannan.

Abin da za ki nema shi ne sharaɗi, kuma yanzu ne lokacinsa, tun yana wankan yara jikinsa a sanyaye. Kada ya fita shi kaɗai. Ya gaya miki hanyar da za su bi, ya kunna miki alamar wurin da yake a WhatsApp har ya dawo. Magariba ta same shi a kan kwalta, ba a daji ba. Lambobin gaggawa na Legas, 112 da 767, su kasance a wayar kowannensu, su kuma san asibiti mafi kusa da inda za su shiga, don wanda ya san asibiti ba ya kai matar abokinsa wurin maɗori. A cikin kuɗin da yake zubawa a taya da mai, a ware wani abu a asusun da ke ma kike da hannu. Idan kuna da inshorar lafiya ku karanta takardar da kyau, da yawa sukan cire raunin da aka samu a wasanni masu haɗari. Ya rubuta basussukansa da wasiyyarsa ya ajiye. Idan ya ce kina yi masa fatan tsiya, ki tuna masa hadisin Bukhari da Muslim da ya ce bai kamata Musulmin da ke da abin yin wasiyya ya kwana biyu ba tare da wasiyyarsa a rubuce ba. Sannan ba kowace Lahadi ce ta daji ba. Akwai suna, akwai gaisuwa, akwai yara da ke son ganin ubansu da rana.

Zancen Kano kuwa, kada ki ce a'a, ki ce yaushe kuma da wa. Tafiyar kimanin kilomita 1,000 ce, ba Badagry ba. Na san inda suka samo wannan ƙaiƙayi. Tun da Kunle Adeyanju ya taho daga Landan zuwa Legas a kan babur a 2022 don yaƙi da cutar shan inna, duk mai babban babur a garin nan ya fara auna taswira. Shi ma kimanin kwana 40 ya yi a hanya, da kaya cikakku da shiri na dogon lokaci. Tseren Dakar ɗin da yake kallo, wanda a da yake ratsa Agadas da hamadar Tenere kafin a mayar da shi Kudancin Amurka a 2009, daga baya Saudiyya a 2020, jiragen sama masu saukar ungulu da likitoci ne ke bin mahayan. Ki tambaye shi wa zai bi shi.

Umma kuma a gaya mata, kuma shi zai faɗa, ba ke ba. Ya ɗauki wani babba a danginsa su kira ta, ya ce Hajiya ga abin da ya faru, ni na ɗora ta, na yi kuskure, an kai ta asibiti ga abin da likita ya ce. Za ta yi faɗa, haƙƙinta ne. Amma tsakanin Agege da Zariya motoci ba sa daina zirga-zirga, labarin zai isa ko kun so ko ba ku so ba, kuma uwa takan yafe karaya da wuri fiye da yadda take yafe a mayar da ita yarinya.

Saura layinki na ƙarshe, wanda na ga kin ɓoye shi a ƙasa. Jin daɗin zagayen nan ba abin kunya ba ne. Idan kin warke, likita ya sallame ki, kin gama gashin ƙashi, kika ga ranki ba ya so, ki ce ba kya so, kuma kada ya sake lallaɓa ki. Ba sai kin hau babur za ki tabbatar masa ke matarsa ce ba. Idan kuwa kina so, to ki koya don kanki, a kan ƙaramin babur mai cc 100 ko 125 wanda tafin ƙafafunki biyu ke taka ƙasa, a fili mai tauri kuma shimfiɗaɗɗe, wurin wani malami daban, mace in an samu. Hula taki ta kanki mai rufe haɓa, a ɗaure igiyarta. Takalmi mai rufe idon sawu, safar hannu, wando mai kauri, riga mai kariyar kafaɗa da gwiwar hannu, hijabi gajere a cusa shi cikin riga. Binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana kafa hujja da shi ya nuna hular kwano tana rage haɗarin mutuwa da kusan kashi 40 cikin 100, na raunin kai da kusan kashi 70, amma fa idan ta zauna a kan. Tasa da ta bugu da ƙasa ranar nan a canza ta, ko ba a ga tsaga ba, don soson cikin sau ɗaya yake ɗaukar duka. Ku kuma tuna dokar sufuri ta Legas ta 2018, wadda ta maye gurbin ta 2012, ta hana baburan da ba su kai cc 200 ba hawa manyan tituna, don haka ƙaramin a bayan a-kori-kura za a kai shi fili.

Ki rubuto mini abin da hoton ya nuna.

TAMBAYA

Anti, da sallah ina so in kai yarana bakin teku mu hau babur mai ƙafa huɗu da ake bayarwa haya. Babban shekararsa 11. Tunda irin wannan babur ba ya faɗuwa, ina ganin ba matsala ko? Daga wani ɗanki a Idi-Araba.

AMSA

Ɗana, wa ya ce maka ba ya faɗuwa? Yana kifewa, musamman a kwana ko a gefen tudu, kuma in ya kife a kan mahayinsa yake sauka, ga shi ya fi babur nauyi nesa ba kusa ba. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta daɗe tana cewa kada yaron da bai kai shekara 16 ba ya tuƙa shi. Doguwar kujerar nan kuma ba don goyo aka yi ta ba, an yi ta ne don mahayi ya riƙa matsawa gaba da baya yana daidaita nauyi. In kana so ka hau, ka hau kai kaɗai da hula, nesa da inda mutane ke zaune. Yaran ka hau da su doki, akwai masu ja a bakin tekun, ka yi ciniki kafin su hau.