Zuwa ga Sagiru a Agege: gaskiyar aikin rassan zaitun

Sagiru, ƙanena,

Saƙon muryarka ya iso ni ina kan tarakta, sai bayan la'asar na samu na saurara, har sau biyu. Ka ce wani mai ofis a Ikeja ya nuna maka bidiyo a waya: inji na bin gonar zaitun yana haɗiye rassa yana tofar da su cikin tirela. Ya ce ana neman matasa a Italiya don "aikin makamashi", da albashin wata-wata da wurin kwana, kai dai ka kawo naira miliyan 7 a yi maka takardu. Har ka fara tunanin sayar da injinan niƙan nan biyu na shagonka, ka haɗa da kwasar adashenka. Tunda kuma aikin da nake yi ke nan, ka ce in faɗa maka tsakani da Allah.

Bidiyon ba ƙarya ba ne. Amma koma ka sake kallonsa, ka ƙirga mutanen da ke cikin gonar. Ɗaya a kan taraktar da ke jan injin, ɗaya a kan wadda ke jan tirela. In an yi yawa, akwai na uku can gefe da manjagara. Shi ke nan. Aikin da mutum uku ke gamawa ne ake ce maka yana jiran matasan Legas.

Bari in kwatanta maka yadda yake, don ka san abin da kake shirin saye. Nan yankin Fuliya, a dunduniyar ƙasar Italiya, zaitun ne ko'ina, ana ƙiyasta bishiyoyinsa da kusan miliyan 60. Ana kaɗe 'ya'yan daga wajen Oktoba zuwa farkon sabuwar shekara, sai a shiga askin bishiyoyi, a rage musu rassa don rana da iska su shiga tsakiya. Wannan shi ke ɗaukar mu har zuwa Afrilu. Manyan rassa masu kaurin dantse ba a ba inji, mai gona yana yanka su da zarton inji ya kai gida ko ya sayar wa masu gasa fiza. Abin da ya rage mana shi ne ƙirare da ganye, irin wanda Inna ke aiken mu tsintowa ta hura wuta. Da can ƙonawa ake yi a gona. Har yanzu doka ta yarda a ƙona ɗan kaɗan, tulin da girmansa bai wuce kubik mita 3 ba a kowace hekta a yini, kuma da bazara, lokacin gobarar daji, an hana ɗungurungum. Wasu kuma niƙe su suke yi a bar su a ƙasa su zama taki. Mu muna zuwa ne mu kwashe wa mai gona kyauta, shi ya huta da ɗawainiya, mu kuma mu sayar wa masana'antun da ke ƙona su a tukunyar tururi don samar da lantarki.

Sai an tara rassan kunya-kunya a tsakanin layukan bishiya. Injin yana da hannu mai juyawa a gaba da ke ɗebo su daga ƙasa, ya tura wa guduma ko wuƙaƙe, su daddatse su ƙanana kamar ɗan yatsa, fanka ta hura su cikin kwando. Sunan abin da ke fitowa cippato, kuma abin dariya, in ka karanta shi da bakin Hausa yadda aka rubuta, ka faɗe shi daidai.

Duk sirrin sana'ar nan abu biyu ne: laima da nisa. Reshen da aka sara yau, kusan rabin nauyinsa ruwa ne. In ka daddatsa shi ɗanye ka tara, cikin kwana uku tulin zai fara zafi da kansa. Shekarata ta farko, maigidana ya ce in tura hannu cikin wani tuli da aka yi gaggawar niƙawa. Da safe ne a watan Fabrairu, sanyi na cin kunne, amma tururi na tashi daga kansa kamar an buɗe tukunyar tuwo. Na tura hannu har gwiwa na zaro shi da sauri, ga zafi, ga farar fumfuna ta manne min a yatsu, ga wari irin na dusar da ta kwana a jiƙe. Irin wannan tulin yana cin kansa ne, nauyi na raguwa, wani lokaci ma ya kama da wuta ba wanda ya kunna. Shi ya sa ake barin rassan a kwance a gona mako uku zuwa wata guda, su sha iska, ganyen ya kakkaɓe, kafin inji ya shigo. In kuma aka yi ruwa a tsakani, ƙasa ta yi taushi, tarakta ba ta shiga, mu zauna a gida. Ranar da ba ka fita ba, ba a rubuta maka ita.

A ƙofar masana'anta akwai sikeli. Mota ta hau a auna, sai wata mata ta fito da bokiti ta ɗebi samfur daga wurare uku ko huɗu, ta auna, ta sa a tanda ya bushe ƙayau, ta sake aunawa. Bambancin shi ne ruwan da ka ɗauko, kuma ba mai biyan ka kuɗin ruwa. Na taɓa kai lodin da na yi alfahari da nauyinsa, ashe rabin alfaharin laima ce, sauran kuma ƙasa. Na saukar da hannun injin ƙasa da yawa yana kwaso turɓaya da tsakuwa. Ƙasa ba ta ci da wuta, narkewa take yi ta dunƙule a gindin tukunya kamar kashin maƙera, sai an tsayar da aiki an fasa. Aka zaftare kuɗin lodin. Maigida bai yi min faɗa ba, ya dai kai ni bayan injin ya nuna min haƙoran da duwatsu suka cinye, ya faɗa min kuɗin kowanne. Ƙasar Salento, nan kudancin Fuliya, dutse ce zalla, har katangun gonakinsu da duwatsu ake jerawa ba siminti. Tun ranar nake tuƙi da kunne. Ƙarar ice daban, ƙarar dutse daban.

Nisa kuwa, lissafinsa ba wuya. Hekta guda ba ta cika ba da abin da ya wuce tan ɗaya zuwa uku ba, kuma kaya ne mai cika mota ba nauyi. Kilo guda na busasshen ice yana ba da zafin da ya kai kilowat 4 na awa ɗaya, ƙaramar masana'anta kuma abin da take iya mayarwa lantarki bai fi kashi ɗaya cikin biyar ba. To in ka yi tafiya mai nisa da shi, dizal ya cinye ribar tun a hanya. Shi ya sa masana'antun nan ƙanana ne, kowace tana cin gonakin da ke kewaye da ita. Wadda aka fi sani a nan ita ce ta Fiusis a garin Kalimera, kusa da Lecce, wadda ta fara aiki a 2010, megawat 1 take bayarwa. Tashar Egbin da ke bayan Ikorodu an gina ta ne a kan megawat 1,320. Kai da kanka ka auna yawan ma'aikatan da megawat ɗaya zai ɗauka.

Ga kuma abin da mutumin Ikeja ba zai faɗa maka ba, wataƙila shi ma bai sani ba. A 2013 aka gano wata cuta mai suna Xylella a wajen garin Galifoli. Wani ɗan ƙwaro mai tofa kumfa a jikin ciyawa ke yaɗa ta, tana toshe jijiyoyin da ke kai wa bishiya ruwa, sai ta bushe a tsaye. Miliyoyin bishiyoyi sun mutu, wasu sun girmi kakan kakanmu. In ka bi hanya daga Lecce ka yi kudu, sai ka rantse gobara aka yi, gona bayan gona toka-toka, ba ganye ko ɗaya. Na ga tsoho ya dafa kututturen da muka zo tumɓukewa yana hawaye, na rasa abin da zan ce masa sai na cire hula. Yanzu ana dasa sabbin iri masu jure cutar, Leccino da Favolosa, amma ƙananan bishiyoyi ba su da rassan kirki tukuna. Matattun kututture sun ba mu aiki na wasu shekaru. Matacce kuwa sau ɗaya ake sare shi.

Mu zo kan takardu, inda kuɗinka zai shiga. Hanyar halal ta zuwa aikin gona tana nan, sunanta decreto flussi. Gwamnati ke ware gurabe, na 2023 zuwa 2025 gaba ɗaya 452,000 ne, kuma Najeriya tana cikin ƙasashen da aka lissafa. Amma ba kai ke nema ba, ba kuma ejan ba. Mai gona ko kamfani a nan ne zai cike takarda da sunanka da lambar fasfonka ta intanet, a ranar da aka buɗe, guraben kuma kan ƙare kafin shayi ya huce. In an amince, sai a fitar da takardar izini, nulla osta, da ita za ka nemi biza a ƙaramin ofishin jakadancin Italiya da ke Victoria Island. Izinin ci-rani ba ya wuce wata 9. Ba wanda doka ta ba damar sayar maka da gurbi. Abin da ake yi wa mutane shi ne, a samu kamfanin da sunansa kawai ke takarda, a fitar maka da izini, ka sauka a Bari ko Roma ka kira lamba ka ji a kashe. Ba wanda zai sa hannu a kwantiraginka, cikin 'yan kwanaki ka zama marar takarda, ga bashin miliyoyi a gida. Irinsu ne ke ƙarewa a bukkokin kwano da leda na Borgo Mezzanone, wajen Foja, suna jiran kaporale, wato ɗan kamashon leburori, ya kwashe su a bayan mota da asuba, ya cire kuɗin mota da na ruwan sha daga guminsu. Tun 2016 aka tsaurara doka a kan wannan, amma abin bai mutu ba. A watan Yunin 2024, a wajen Latina, inji ya cire wa wani ɗan Indiya hannu a gona. Maimakon asibiti, sai aka kai shi ƙofar gidansa aka ajiye, hannun a cikin kwandon kayan lambu. Bayan kwana biyu ya rasu. Ina tuna shi duk lokacin da injina ya shaƙe, zuciya ta ce min tura hannu kawai ka zaro reshen. Sai na kashe komai, na zare makulli na sa a aljihu, sannan in sauka.

Na san abin da za ka ce: Yaya, ai kai ma ka tafi. Na tafi, ta Agadas da Libiya, a 2016, shekarar da sama da mutum 180,000 suka tsallako teku zuwa nan. Ka san mu nawa muka bar Agege, ka kuma san gidajen da aka yi zaman makoki ba gawa. Shekara uku na yi kafin in riƙe takardar da zan iya nuna wa ɗan sanda ba tare da gabana ya faɗi ba. Kuma abin da ya fitar da ni daga manjagara ba ƙarfi ba ne. Wata rana bel ya tsinke a tsakiyar gona, makaniki ya ce sai gobe, na ce a ba ni sifana. Aikin da na koya a garejin Kawu ne ya cece ni. Daga nan maigida ya biya min kuɗin kwas na samu shaidar tuƙin tarakta, don nan ba a hawa sai da ita. Mai tara rassa a inda nake yininsa bai cika wuce yuro 50 ba, kuma wata uku ne ko huɗu. Daga nan sai ka bi kankana da tumatir. Azumin bana ma a cikin ƙurar nan muka yi shi, da takunkumi a hanci, ba mai rage maka awa.

Abin da ya ɗaure min kai shi ne, kai da ke gyaran injin niƙa da janareta, kana so ka sayar da abin da ya sa kake da daraja a nan don ka zo ka riƙe manjagara. Ka tuna hayaƙin Okobaba da muke hangowa daga gadar Third Mainland in za mu Obalende? Garin katako ne ake ƙonawa a lokacin don an rasa inda za a kai shi. A unguwarku kuma gidajen burodi na sayen itace da tsada, masu suya da masu shayi na kuka da kuɗin gawayi da gas. Ban ce ka kafa tashar lantarki ba, wannan sai masu ƙumbar susa. Amma injin da ke matse garin katako ya zama dunƙulen makamashi bai fi ƙarfin hannunka ba, kuma dokarsa ita ce dai wadda na faɗa maka: ya bushe sosai, kada yashi ya shiga, kada ka ɗauko shi daga nesa. Laimar Legas ce za ta fi ba ka wahala, musamman daga Mayu zuwa Yuli, sai ka yi rumfa. Je ka wurin mai burodin nan na bayan masallaci ka tambaye shi nawa yake kashewa a itace a mako, ka rubuta, ka turo min. Ni zan auno maka abin da na sani a nan mu haɗa lissafi.

In kuma har yanzu zuciyarka na kan tahowa, ban hana ka ba. Koma wurin mutumin ka ce ya ba ka sunan mai gonar, da garinsa, da lambar rajistar harajinsa, wadda suke kira partita IVA. In garin na kusa zan hau mota in je in ga gonar da idona, in na nesa ne akwai ofishin ƙungiyar ƙwadago da ke duba mana irin wannan kyauta. Kafin nan ko sisi kada ka ba shi, kuma kada ka bar fasfonka a hannunsa. Na yi wa maigidana maganarka, ya ce ba alkawari, amma in za a buɗe gurabe zai duba, ya kuma tambaya ko ka iya walda. Na ce masa zan tambaye ka.

Ka gaida Inna, ka ce mata man zaitun ɗin yana wurin Alhaji mai goro, zai sauka Legas ranar Laraba. Na ƙafarta ne, kada Hadiza ta soya ƙwai da shi.